Agogon Baba ya haɗa ni da Yaya

Assalamu alaikum Malam. Mu ukku ne munka yi karo-karo munka tara naira miliyan ɗaya da rabi don mu saya ma mahaifinmu agogon motsa jiki, tunda ya yi ritaya ya dawo gida Sakkwato. Shekarunshi 63, yana da suga da hawan jini, likita ya ce ya riƙa tattaki kullum. Ya koyi golf lokacin da yake aiki Kaduna, yanzu sai in ya tafi can ko Abuja yake bugawa, sau ɗaya a wata, wani watan ma babu. Yayanmu da ke Abuja ya ce sai Garmin Fenix 8, wai shi abokan Baba ke ɗaurawa, kuma zai riƙa auna mashi suga da jini. Autanmu ya ce Apple Watch Ultra. Ni na ce a sayi Garmin Approach S70 ko ma wanda bai kai shi ba, a yi wani abu da sauran kuɗin. Tun ranar Yaya ya ce ina yi ma ubana rowa, ya daina amsa mani a zauren WhatsApp na gida. Wayar Baba Samsung ce. Ni ke kusa da shi, ni ke kai shi asibiti. Wanne za mu saya, kuma yaya zan yi da Yaya?

Ɗiyarka daga Arkilla

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya yi muku albarka ku ukun, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana.

Kafin mu zo kan Yaya, akwai jimla ɗaya a wasiƙarki da ta hana ni sakat. Cewa agogo zai riƙa auna wa Baba suga, ku cire wannan daga lissafi tun yau. Fenix 8 ba ya yi, Apple ba ya yi, Samsung ba ya yi. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fito ƙarara ta gargaɗi mutane kada su dogara da agogo ko zoben da ke iƙirarin auna sukarin jini ba tare da huda fata ba, ta ce babu ko ɗaya da ta amince da shi. Iyakar abin da manyan agogunan ke yi shi ne nuna lambar da wata na'ura daban ta aiko musu, irin wadda ake mannawa a dantse mai ɗan siririn tsinke da ke shiga ƙarƙashin fata. Ita kuma wannan kuɗinta daban, ana canza ta duk bayan kwana goma ko mako biyu.

Ni kaina an taɓa cin kuɗina a kan wannan. Na sayi wani agogo a kasuwa, an rubuta Ultra a jikin kwalinsa da manyan baƙaƙe, mai shagon ya rantse min da girman Allah yana auna suga. Na gwada shi da safe ban sa komai a baki ba, ya nuna 5.6. Na dama fura da nono na zuba sukari cokali uku, na jira awa guda, ya nuna 5.6. Na ɗaura wa jikana, 5.6. Ni dariya na yi, don ba ni da ciwon. Amma mai shan maganin suga, in ya yarda da irin wannan lamba ya rage ƙwaya ko ya ƙara, cikin dare za ku kwashe shi zuwa asibitin koyarwa.

Hawan jini ma kusan haka ne. Fenix 8 ba ya auna shi sam. Agogunan Samsung suna ƙiyasta shi, amma sai an riƙa daidaita su da na'urar dantse ta gaske duk bayan mako huɗu, wato dai dole na'urar ta kasance a gidan. Saboda haka ko wane agogo kuka saya, na'urar awon jini da tsinken gwajin suga suna nan daram, kuma daga cikin miliyan ɗaya da rabin nan ya kamata su fito.

Shawarar auta ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Apple Watch ba ya aiki sai da iPhone, ko kunna shi karon farko ba a yi da Samsung. Agogon dala 799 ne, sai ku ƙara kuɗin sabuwar waya, sannan ku zaunar da dattijo mai shekara 63 ya koyi wayar da bai saba da ita ba. Batirinsa awa 36 kamfanin ya ce a samfuri na farko da na biyu, 42 a na uku da ya fito 2025. Ƙasa da kwana biyu ke nan, a garin da wuta ke tafiya ba sallama. Kuma ba ya zuwa da taswirar filin golf a cikinsa, sai an sauke wata manhaja. Agogo ne mai kyau ƙwarai, yana gane faɗuwa ya kira taimako, yana jure zafi fiye da yawancinsu. Auta ya saya wa kansa.

Saura Fenix 8 da S70, kuma duk na gida ɗaya ne. Manhajar waya ɗaya suke amfani da ita, dukansu suna aiki da Samsung, dukansu suna ɗauke da taswirar filayen golf sama da 43,000. Wannan na ƙarshe ki riƙe shi, don mutane da yawa ba su san Fenix ma yana yin golf ba, kamar yadda ba su san S70 yana ƙirga taku da bugun zuciya da barci ba. Bambancinsu yana ga wanda aka ƙera kowanne dominsa.

Fenix 8 ya fito a watan Agustan 2024, farashinsa ya fara daga kusan dala 1,000. An yi shi ne don mai hawan dutse, mai gudun kilomita ɗari cikin daji, mai nutso a teku har zurfin mita 40. Akwai taswirar filayen sulun ƙanƙara a cikinsa. Sai ki tambayi Yaya, cikin raha, ranar da Baba zai je nutso madatsar Goronyo. Babban cikinsu, mai faɗin milimita 51, nauyinsa ya kusa gram 100, kuma mutumin da zai kwana da agogo a hannu don a auna barcinsa zai ji wannan nauyin. In aka yi lissafi a kan naira 1,500 kowace dala, mafi arahar Fenix 8 ya lashe kuɗinku kaf tun kafin ɗan kasuwa ya ɗora ribarsa. S70 ya fito 2023, babbansa mai milimita 47 kusan dala 700 ne, ƙaraminsa mai 42 kusan 650. Babban yana kai kwana 16 kafin a yi caji in ba a kunna GPS ba, ko awa 20 in ana bin tauraro. Tattakin awa guda kullum da golf sau ɗaya a wata, Baba zai riƙa manta inda ya ajiye wayar cajin.

Za a ce muku Fenix ya fi kama tauraro. Bari in faɗa miki yadda abin yake. Taurarin GPS kimanin 30 ne, suna yawo a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, agogo yana buƙatar ya ji aƙalla huɗu kafin ya san inda yake, kuma jin nan ba ya cin data ko kwabo. Matsalar da ake biyan kuɗi a magance ita ce saƙon tauraro ya bugi dogon gini ko gefen dutse ya karkace kafin ya iso hannu. Wannan damuwar mai gudu ce a tsakiyar Legas ko cikin kwazazzabo. Wanda zai fito daga Arkilla ya bi gefen titi, ko ya zagaya filin Giginya, sama a buɗe take a kansa daga gabas har yamma. Agogon da bai kai rabin kuɗin ba ma zai ba shi nisan da ya yi daidai.

Za a kuma ce akwai Fenix mai cajin rana, kuma ina aka kai Sakkwato rana. Gaskiya ne akwai. Sai dai alƙaluman da Garmin ke bayarwa a kan haka sun ginu ne a kan fuskar agogon ta sha rana mai ƙarfi awa uku kowace rana. Baba zai fita ne bayan sallar Asuba, ya dawo kafin rana ta ɗaga. In ya sake fita da hantsi, cikin kaftani zai fita, hannun riga ya rufe agogon ruf. Ban san dattijon da zai naɗe hannun riga ya tsaya cikin ranar Afrilu don agogo ya ƙoshi ba. Ga shi mai cajin ranar fuskarsa ba ta da hasken ɗayan, a waje tana fitowa tar, amma a cikin ɗaki sai mai ƙarfin ido.

Abu ɗaya zan ba Yaya gaskiya a kai, kuma ba ƙarami ba ne. Fenix 8 yana da tocila ta gaske a goshinsa. Ga mai fita da duhun asuba, da hazon hunturu, da ramuka a gefen hanya, da 'yan kabu-kabu da ba sa kunna fitila, wannan tocilar ta fi min rabin abubuwan da ke cikin agogon amfani. Sai dai tocilar goshi ta 'yan dubbai a kasuwa tana yin aikin, kuma tazarar da ke tsakanin agogunan biyu ta haura naira dubu ɗari huɗu.

Yanzu golf ɗin. Abin da ɗan golf ke nema a agogo bai wuce lamba uku ba: yadi nawa zuwa bakin da'irar da ke kewaye da ramin da ake saka ƙwallo, nawa zuwa tsakiyarta, nawa zuwa ƙarshenta. Da su yake zaɓar sandar da zai ɗauka. S70 yana ƙara masa hoton ramin gaba ɗaya mai launi, ya nuna inda tarkon yashi yake da inda ruwa yake, ya lura da kowane bugu mai ƙarfi ya rubuta nisansa, ko da yake ƙananan bugun kusa da rami sukan wuce shi. Bayan an buga zagaye biyar yakan fara ba da shawarar sanda. Fuskarsa inci 1.4 ce, lambobin manya, kuma ga mai shekara 63 da ba ya son ciro tabarau a tsakiyar fili wannan ya fi komai. Tun 2019 dokar wasan ta halatta na'urar auna nisa, amma a gasa ba a yarda ta lissafa maka tudu da gangare ba, don haka akwai wurin da ake kashe wannan a agogon. Ku nuna wa Baba shi, kada abokai su yi masa tsiya.

Amma fa duk wannan ya rataya ne a kan abu guda da babu wanda ya ambata a cikinku. Filaye 43,000 ba ya nufin filin Baba na ciki. Yau ɗin nan ki sauke manhajar Garmin Golf a wayarki, kyauta ce, ki nemi filin da yake bugawa a Kaduna da wanda yake zuwa a Abuja, in filin golf na IBB ne ki rubuta sunan. In kin same su, ki tambayi wani abokin wasansa mai irin agogon ko lambobin na yin daidai da abin da ke ƙasa, don akan gyara fili a matsar da rami taswira ba ta sani ba. In ba ki same su ba, to agogon golf ya tashi daga magana, na dala 700 da na dala 1,000 duka. Kuma kada wani ya sa ku biyan kuɗin wata-wata na ganin tudu da kwarin da'irar rami kafin ki tambayi Baba irin filinsu. A Arewa an daɗe ana yin wurin ramin da yashi da aka cuɗa da mai aka daddaɓe maimakon ciyawa, wasu filayen sun sauya, wasu ba su sauya ba. Yaron da ke ɗaukar masa jaka, wanda ya shekara goma yana taka filin, ya san gangaren kowane rami fiye da tauraro, kuma da wannan yake ci.

Ki lura da lissafin da ke cikin wasiƙarki. Golf kwana ɗaya a wata, tattaki kwana ashirin da wani abu. Agogon nan a titunan Sakkwato zai yi rayuwarsa, don haka bari in daɗe a nan kaɗan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako. Minti talatin sau biyar ya kai shi ƙofar. Taku 10,000 da agogo zai riƙa yi masa kirari da shi, asalinsa tallar wata na'urar ƙirga taku ce a Japan a 1965, ba wahayi ba ne. Kada Baba ya ga 6,000 ya ce bai yi komai ba ya sake fita da azahar. Zafin garin nan daga Maris zuwa Mayu yana haura digiri 40, ke ma kin sani. Fenix yana da wani lissafi na sabawa da zafi da ke farawa in yanayi ya wuce digiri 22, abin da ya ba ni dariya, don mu nan digiri 22 rigar sanyi muke nema. Littafinsa ma ya ce kada a yi caji in zafi ya haura 45, kuma duk agogo mai batir irin na waya, in aka bar shi a gaban mota a rufe da rana, batirin ne zai fara mutuwa.

Sai bugun zuciya. Agogo yana haska koren haske cikin fata ya karanta yadda jini ke kai da komo. In madaurin ya yi sako-sako, ko gumi ya yi yawa, lambar takan yi tsalle. Ya ɗaura shi sama da ƙashin wuyan hannu da kamar faɗin yatsa, ya ɗan matse lokacin tafiya, ya sassauta bayan ya dawo. Tunda sau biyar zai riƙa matsar da shi don alwala, ku duba madaurin da ke saurin kwancewa, kuma ya riƙa busar da wurin, don roba da gumi da zafi suna kawo ƙuraje. Ruwan alwala ba ya yi wa ko ɗayansu komai. Muhimmin abin shi ne wannan: agogo yakan ɗauki 220 ya cire shekarun mutum ya ce iyakar bugunsa ke nan, na Baba 157. Amma wasu magungunan hawan jini, irin su atenolol, suna rage bugun zuciya da gangan. Mai shan su zai yi ta sauri agogo na ce masa bai fara ba. Ranar da za ki kai shi asibiti ki tafi da agogon, ki tambayi likita lambar da Baba zai tsaya a kai, da ko zai ci wani abu kafin ya fita, da yadda za a yi in azumi ya zo. Dabino uku a aljihu da gorar ruwa kada su rabu da shi. Takalmi kuma mai rufi da safa, ba silifa ba, don ƙafar mai suga ba ta son ƙaramin rauni.

Akwai wani abu a agogunan Garmin da ke aika saƙo da wurin da mutum yake zuwa ga lambobin da aka zaɓa in ya ji alamar an faɗi lokacin motsa jiki a waje. Ba ya aiki sai wayar na aljihu kuma da data. Ki sa lambarki, ki sa ta Yaya. Ki tuna da wannan, zan dawo kansa.

Ga hukuncina. In filayen Baba na cikin manhajar, ku sayi S70 babba. In kuɗin sun matse saboda canjin dala, akwai ƙanensa S50 da ya fito farkon 2025 a kan kusan dala 400, yana da filayen, yana auna bugun zuciya, fuskarsa ce ta fi ƙanƙanta. Abin da ya rage ya tafi ga na'urar awon jini ta dantse, tsinken gwajin suga na wata shida, takalmi mai kyau, da wayar caji ta biyu, don bakin cajin Garmin nasa ne shi kaɗai, ba za ki same shi a teburin mai gyaran waya ba. Wurin saye kuma, kada a biya sai an haɗa agogon da manhajar Garmin Connect a gaban mai shago an ga ya karɓa. Jabu ba ya shiga.

To, Yaya. Kin fi shi gaskiya a kan agogo, amma ina jin ba ki karanta shi daidai ba. Mutumin da ke Abuja, ƙanwarsa ce ke kai ubansa asibiti, ita ke sanin ranar da suga ya hau, shi sai dai a faɗa masa a waya. Abin da ya rage masa ya nuna shi ma ɗa ne shi ne ya ce a sayi mafi tsada. Kuma ya san zaman kulob, ya san yadda ake kallon hannun mutum kafin a kalli fuskarsa, ba ya son a ga ubansa ya yi ritaya ya koma baya. Wannan ba wauta ba ce. Da kika ce ko ma wanda bai kai shi ba, a gaban auta, a rubuce, abin da ya ji shi ne kin ce bai san abin da Baba ke buƙata ba. Kalmar rowa da ya jefa miki ba daidai ba ce, kuma ina jin ya sani, shi ya sa ya yi shiru.

Kada ki ƙara rubuta komai a zauren nan. Ki kira shi bayan Isha, ki gaishe shi yadda ƙanwa ke gaida wa, ki tambayi iyali, kada ki kawo maganar rowa. Ki ce masa kin bincika kin ga agogo ba ya auna suga, hankalinki ya tashi, kina son shawararsa. Sannan ki ba shi aikin da shi kaɗai zai iya: ya je filin da Baba ke bugawa a Abuja ya duba ko taswirar ta yi daidai, ya ga abin da 'yan wasan ke ɗaurawa da idonsa. Zai tarar S70 ba abin kunya ba ne a can, shi ne babban agogon golf na kamfanin in aka cire na alfarma masu kuɗin mota. Shi zai sayo, shi zai miƙa wa Baba a madadinku, sunansa ne zai zo farko a lambobin gaggawa. Ke ba ki rasa komai ba.

In ya kafe sai Fenix 8, kuma ya yarda zai cika kuɗin na'urar awon jini da tsinken daga aljihunsa, ki bar shi. Ku dai ɗauki mai milimita 47 mai fuska mai haske, ba ƙaton ba. Agogon ba zai cuci Baba ba, tsada kawai ya yi.

Kuma wani cikinku ya tambayi Hajiya, a asirce, ko Baba ma yana ɗaura agogo ya kwana da shi. Na san dattawan da 'ya'yansu suka kashe kuɗi irin wannan, agogon yana cikin durowa tare da fasfo da takardun fansho, wai ana ajiye shi sai ranar Sallah. In Baba irinsu ne, ke da ke Arkilla sai ki riƙa biyowa da asuba makon farko, ki ɗaura masa da hannunki, ki danna masa maɓallin, ku taka tare har ya saba.